Wa Ya Ce Kira Na Samari Ne?

In dattijo da matarsa suka ce za su bar jikoki su tafi aikin bishara Abijan, sai dangi su ce tsufa ya ruɗe su. Ashe ba su karanta Farawa 12 ba? Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran tare da Saratu. William Wade Harris ya haura 50 da ya taso daga Laberiya a 1913, ya yi wa dubbai baftisma a Kodebuwa. Hausawan da ke ciniki a Ajame da Tireshibil kuwa sun fi sauraron mai furfura. Ikkilisiyar da ta tsare dattawanta domin reno, talanti take binnewa. A sallame su da addu'a da guzuri!