SHARHI: Faifan garmahon da Najeriya ta yar ya yi tsada a Turai, amma wa ke cin ribarsa?

A watan Maris na 2023 an yi abubuwa biyu da ba kasafai ake haɗa su a zance ɗaya ba. A Amurka, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta RIAA ta bayyana cewa a 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a ƙasar, alhali faifan CD bai wuce miliyan 33 ba. Rabon da garmaho ya sha gaban CD tun 1987. A Abuja kuwa, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka, wadda ta bar wa'adin kariyar sautin da aka naɗa a kan shekara 50 daga shekarar da aka fara fitar da shi. Idan aka ɗora lissafin biyu a kan juna, abin da ke fitowa shi ne: kowane ƙarshen shekara, wani kaso na sautin da aka naɗa a Najeriya a shekarun 1970 yana fita daga kariyar doka, daidai lokacin da kasuwar duniya ta buɗe ido a kansa.

Matashin da ya tashi da waƙa a wayar hannu zai iya tambaya, me ya sa mutum mai hankali zai zuba dukiya a kan baƙar roba mai faɗin faranti? Amsar ba a cikin sautin take ba, domin sautin yana nan kyauta a YouTube. A watan Disamba na 2015 an yi gwanjon kwafin wani kundin ƙungiyar The Beatles, wanda aka fi sani da White Album, a kan dala 790,000. An buga miliyoyin irinsa. Abin da ya bambanta wannan shi ne lambar 0000001 da ke jikin bangonsa, da kuma cewa daga hannun makaɗin gangar ƙungiyar, Ringo Starr, ya fito. A 1987 mawaƙi Prince ya janye wani kundinsa, The Black Album, ana saura kwanaki a fitar da shi, ya sa aka lalata abin da aka buga. Ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka tsira, bugun Kanada, an sayar da shi dala 27,500 a 2018 a Discogs, shafin intanet da aka kafa a 2000 wanda ya zama babbar kasuwar masu tara fayafayai.

Ke nan farashi yana bin ƙarancin kwafi, da kasancewarsa bugun farko, da lafiyar jikinsa, da labarin da ke rataye da shi. Masu sana'ar suna duba ƙananan lambobin da aka zana a gefen tsakiyar faifan don gane masana'antar da ta buga shi. Ƙarzuwa ɗaya da allura za ta yi tuntuɓe a kai tana iya zabge rabin kuɗinsa, bangon da ya yage kuma ya zabge wani rabin.

A Turai da Amurka, galibi wani dalili na musamman ne ke jawo ƙarancin: kundi da aka janye, ko bugu mai kuskure. Na Najeriya dabam ne. Asara ce ta haife shi.

Yadda masana'anta ta mutu ta bar kayanta a titi

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, Najeriya na cikin manyan kasuwannin faifai a Afirka. EMI da Decca da Polydor duk suna da rassa a Legas, Decca ma ta buɗe tambarin Afrodisia domin mawaƙan gida. A EMI ne Odion Iruoje ya naɗi 'yan makarantar St. Gregory's da suka kira kansu Ofege, kundinsu Try and Love ya fito a 1973. Akwai kuma kamfanonin 'yan ƙasa, kuma mafi shahara a cikinsu, Tabansi, a Kano aka kafa shi a farkon shekarun 1950 kafin daga baya ya gina ɗakin naɗi da masana'antar buga faifai a Onitsha. Wannan tarihi ne da da yawa daga cikin mutanen Kano ba su san da shi ba.

Sai kaset ya shigo. Ya fi araha, yana shiga aljihu, ana sa shi a mota, kuma duk mai rediyo mai baki biyu zai iya kwafar sa. Satar fasaha ta cinye cinikin kamfanoni. Tsarin SAP na 1986 ya ƙarasa abin da ya rage: darajar naira ta faɗi, kuma robar da ake buga faifai da ita daga waje ake shigo da ita. Manyan kamfanonin ƙetare suka sayar da hannun jarinsu suka kama gabansu, injinan bugu suka yi shiru.

Abin da ya fi zafi shi ne makomar tef na asali, wanda daga shi ake buga kowane kwafi. Tef yana bukatar ɗaki mai sanyi da bushewa, a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas. Wasu sun ruɓe, wasu sun ɓace a sauyin hannu, wasu kuma wuta ta ci. Lokacin da sojoji suka ƙone gidan Fela Kuti na Kalakuta a ranar 18 ga Fabrairu, 1977, har da ɗakin naɗinsa da tef-tef ɗinsa suka tafi. Saboda haka sau da yawa idan kamfanin waje zai sake fitar da tsohuwar waƙar Najeriya, daga jikin faifan yake kwafo sautin, domin babu wani tushe da ya rage. Faifan da ke cikin kwali a ƙarƙashin gadon wani dattijo yana iya zama shi kaɗai ne shaidar cewa an taɓa rera wannan waƙa.

Su kansu fayafayan ba su tsira ba. 'Yan Najeriya ba su saye su don ajiya ba. Sun saye su don biki da suna da rawa, an yi ta juya su da allurar da ta dakushe. Zafin rana ya lanƙwasa wasu, ƙurar hunturu ta cike layukan wasu, gara ta cinye bangwaye. Shi ya sa kwafi mai lafiya na bugun Najeriya yake da wuyar samu fiye da takwaransa na Ingila.

Mafarauta da dillalai

Daga farkon shekarun 2000 aka fara ganin baƙi masu farautar faifai a Legas, Aba, Onitsha, Kwatano da Accra. Kamfanin Strut na Ingila ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001. Soundway na Miles Cleret ya biyo baya da jerin Nigeria Special, Analog Africa na Samy Ben Redjeb ya mai da hankali kan Benin da Togo da wasu ƙasashe. A 2013 kamfanin Luaka Bop na David Byrne ya tattara waƙoƙin William Onyeabor, mutumin Enugu da ya buga kundayensa da kansa tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da tsakiyar 1980, sannan ya rungumi addini ya daina maganar kiɗa. Kafin rasuwarsa a Janairun 2017 sunansa ya zagaya duniya, kuma bugun farko na kundayensa ya kai ɗaruruwan daloli.

A nan ya kamata a yi adalci. Waɗannan kamfanoni sun yi aikin da babu wata hukumar Najeriya da ta yi: sun nemo mawaƙa ko magadansu, sun gyara sauti, sun rubuta tarihi. Ɗan Najeriya Uchenna Ikonne ya shafe shekaru yana irin wannan bincike kafin tarin Wake Up You! ya fito a 2016. Ba don su ba, da sunaye da dama sun nutse. Matsalar tana wani wuri, wato a cinikin asalin faifan. Idan aka sayar da tsohon faifai hannu zuwa hannu, ko sisin kwabo ba ya zuwa ga mawaƙin, komai tsadar da ya yi. Wanda ya sayar da kwali guda a kan kuɗin cefanen mako bai san akwai Discogs ba. Dillalin da ya saya ya sani. A ɗauki faifan dala 300, a ƙiyasta dala a kan naira 1,500: naira 450,000 ke nan, fiye da albashin wata shida ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ina fayafayan Hausa?

Ga mai karatu a Arewa, tambayar da ta fi muhimmanci ba ta abin da ake fitarwa ba ce, ta abin da babu mai nema ce. An daɗe ana naɗar Hausa a faifai: tun ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya naɗi 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa. Daga baya EMI ta buga fayafayan Alhaji Mamman Shata da takwarorinsa. Amma kasuwar masu tarawa tana bin kunnen mai sa kiɗa a gidan rawa na Balin ko Tokyo, wanda ke neman jita da ganga irin ta Turawa. Kalangu da kuntigi da kotso, waɗanda daɗinsu ke cikin kalmomi, da habaici da kirari da zambo, ba sa ja masa kuɗi yadda kiɗan Legas ke ja. Faifan da ke da farashi ana wanke shi a sa shi a riga, ko da a wata ƙasa ne. Wanda ba shi da farashi yana jiran ranar sharar ɗaki da 'yan jari-bola.

Kuma ba kiɗa kawai ke tafiya ba. Waƙar makaɗan Hausa rumbu ce ta sunayen sarakuna da attajirai da direbobi da 'yan siyasa, da yadda aka karɓi sauyin kuɗi da sauyin hannun tuƙi, da Hausar da ba a ji yanzu. Shata, wanda ya rasu a 1999, ya sha cewa shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Ɗanmaraya Jos ya bi shi a 2015. Abin da ke yawo nasu a wayoyi yawanci kwafin kwafi ne daga kaset, ba shekara, ba sunan 'yan amshi, wani lokaci ma an gutsure farko ko ƙarshe. Bangon faifai ne ke ɗauke da irin waɗannan bayanai.

Labarin Mamman Sani na Nijar ya nuna yadda abin ke rataye da sa'a. A 1978 ya naɗi kiɗansa na ogan (organ) mai aiki da lantarki a gidan rediyon ƙasar, aka fitar da shi a kaset da bai wuce kwafi ɗari ba. 'Yan Nijar sun shekara da shekaru suna jin kiɗan a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Sai da Ba'amurke Christopher Kirkley ya ci karo da kaset ɗin a ma'ajiyar gidan tarihi na Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya buga shi a faifan garmaho a 2013, sannan duniya ta san sunan mai shi. Abin lura shi ne akwai ma'ajiyar da ta riƙe kwafi ɗaya har mai nema ya zo.

Giɓin doka

Najeriya ta yi shekaru tana fafutukar dawo da kayan tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, kuma ta yi nasara a wani ɓangare: Jamus ta miƙa rukunin farko a Abuja a Disamban 2022. Wannan fafutuka daidai ce. Sai dai dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗaure ma'anar kayan tarihi, a mafi yawan lokuta, da abin da aka ƙera kafin 1918 ko wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Faifan 1974 bai shiga wannan layi ba. Yana fita ta filin jirgin sama a cikin akwati, da rasit, ba tare da an karya wata doka ba, kuma ba za a iya zuwa nan gaba a ce sace shi aka yi ba.

Hana fitar da shi ma ba mafita ba ce. Zai ƙara wa jami'an kan iyaka hanyar karɓar na goro ne kawai, ya kuma hana talaka sayar da kayansa. Abin da ya fi araha shi ne kwafi. Na'urar juya faifai mai kyau, da injin wanke shi, da kwamfuta, da ma'aikata biyu da suka san aikin, ba su kai kuɗin motar rakiyar kwamishina ɗaya ba. Cibiyoyin da za su iya ɗaukar nauyin suna nan: Arewa House a Kaduna, Jami'ar Bayero da ta daɗe tana nazarin waƙar baka, da Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda tun 1962 makaɗan Arewa ke shiga ɗakunan naɗinsa. Laburaren Birtaniya ya riga ya yi wa fayafayan Decca na Afirka ta Yamma irin wannan aiki, har yana da shirin ba da tallafi domin ceto ma'ajiyoyin da ke cikin haɗari tun 2004, ga duk cibiyar da ta nema.

Magadan mawaƙa kuma suna da abin riƙewa, in sun sani. Dokar ta bambanta sautin da aka naɗa da ita kanta waƙar: kalmomi da karin suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, don haka na Shata suna nan har 2069. Amma neman haƙƙi yana bukatar hujjar wane ne ya rera, a wace shekara, a wane kamfani, kuma hujjar tana rubuce ne a tsakiyar faifan da ake zubarwa. Shi kuwa sautin, agogonsa na tafiya: duk abin da aka fitar a 1977, shekarar bikin FESTAC, kariyarsa za ta ƙare a ranar 31 ga Disamba, 2027.