Kwaya: har yaushe za mu riƙa sayen barkono a ƙulli?

Jama'a, yau maganar tukunyar miya ce, kuma kada kowa ya ce ƙarama ce. A Kwaya da kewaye, daga Magariya har Dungas, gida nawa ne ake ɗora tukunya ba barkono? Babu. To gida nawa ne ke da ko gindi ɗaya a tsakar gida? Nan kowa zai sunkuyar da kai. Kullum sai an aiki yaro da dala ashirin ya sayo ƙullin garin da ba mu san me aka cuɗa a ciki ba. Mu da muke maƙwabtaka da Korama!

Mun manta da wuri. A 2015, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Difa, an hana cinikin tattasai, mata suka ji a cefane. A 2019 Najeriya ta rufe iyaka. A 2023 takunkumin CEDEAO ya zo, hanyar Maigatari da Babura ta toshe. Sau uku ana ja mana kunne, muna nan jiya i yau.

Wasu na cewa ba ruwa. Ruwan alwala da na wanke hatsi da muke zubarwa a rariya fa? Banda na sabulu, ya ishi gindi biyar. Wasu na cewa awaki. Akuyar da muka iya karewa daga rumbu, ita ce za ta gagare mu a kan tsohon bokiti? Masu cewa aikin mata ne kuwa, su ne na farko wajen tsaki in miya ta yi lami.

Aikin ba wuya. A samu tsohon bidon ko buhun siminti, a huda ƙasansa, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Iri yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, a dasa bayan kamar kwana 40, wata biyu zuwa uku a fara tsinka. In darɓa ta kama ganye, toka da ruwan ganyen dogon yaro. Lokacin bazara a yi masa inuwa, don zafi na kakkaɓe fure. In ana son ajiye iri, a nisanta su, don suna gauraya.

Kuma kowane da aikinsa. Tattasai na ba miya ja da kauri, ba zafi. Tugande, wato attaruhu, ƙamshi ne, sai a dambu da kwaɗon zogale. Shambo na miyar dage-dage. Tsiduhu ɗan ƙarami, shi ake shanyawa a daka yaji da ƙuli-ƙuli da citta. Amarya da ke da huɗun nan a bayan ɗaki ba ta jiran ranar kasuwa.

Barkono ma baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya fito, Turawan Fotugal suka yaɗa shi. Kakanninmu masu masoro da kimba suka karɓe shi suka shuka, ba su jira wani furoje ba. Mu me muke jira?

Ba mu ce a bar sayen na ƴan garka ba, buhu nasu ne. Muna cewa na miyar yau ya fito daga gida. Malaman lakwal, ku ba yara iri. Ƙungiyoyin mata, ku yi musanya. Wanda ya shuka ya turo mana hoto, za mu faɗi sunan unguwarsa a rediyo.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.