Ɗalibin Ɗan Gulbi da karatun dare

Yaron da ya taso daga Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakoro, ya samu gurbi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, abu na farko da birni ke koya masa shi ne lokacinsa ba a hannunsa kaɗai yake ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗakin kwano ya zama tanda tun daga hantsi har la'asar. Wutar lantarki ma ba ta da tabbas. Ɗalibai ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana fama. Ga wanda ke haɗa karatu da kabu-kabu ko tsaron shago, rana ta neman abinci ce. Da damina kuma gonar gero da wake na jiran sa a gida.

Shi ya sa da yawa suka juya agogonsu. Su kwanta da azahar, su tashi cikin dare idan gari ya yi sanyi, su riƙe littafi har kiran assalatu. Wasu iyaye da malamai na kallon wannan a matsayin lalaci, ganin saurayi na barci da rana tsaka. Wannan hukunci bai yi adalci ba. Tsangaya ta daɗe da wannan tsari: almajirai na karatu da asuba, su huta idan rana ta take, su koma gindin wutar kara da dare, Alhamis da Juma'a kuma a ajiye allo. Da haka ƙasar Hausa ta yaye mahaddata ba adadi.

Sai dai tsangaya ta ware lokacin hutu, ɗalibin yau kuwa shi yake fara yankewa. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa baligi na buƙatar barcin aƙalla awa 7, kuma cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Wanda ya raba dare da shayi mai ɗaci da TikTok, ya shiga aji ƙarfe 8 ido jajir, wahalar banza ya sha. Wanda ya kai ga haɗiyar tramol don kore barci kuwa ya sayi jarrabawa ɗaya da lafiyarsa ta shekaru.

Don haka ɗalibin da ya zaɓi dare ya tsayar da sa'o'insa kamar lokutan salla, ya biya bashin barcin da rana, ya ajiye waya nesa da tabarma. Hukumomin jami'a su duba yiwuwar barin ɗakunan karatu a buɗe har dare da wutar sola, musamman da bazara. 'Yan ci-rani da ke aiko da kuɗi daga Libiya, Aljeriya ko Abidjan su ma suna da rawar takawa: fitila mai caji da hasken rana ta fi sabuwar waya amfani ga ƙanen da ke jami'a.

Gidan da ya sayar da akuya ko buhun wake don yaro ya kai Maradi yana jiran ya dawo da takardar shaida, kuma da lafiyarsa.