Jinjina ga Sojojin Ruwa, Amma da Sauran Rina a Kaba

Manomin rani a bakin madatsar Zobe zai ce ba ruwansa da teku. Da ruwansa kuwa. Wasu sinadaran takin da yake barbaɗa wa tumatirinsa ta jirgin ruwa suke shigowa ƙasar nan, haka ma yawancin alkamar burodin da mai shayi ke yankawa a Dutsin-Ma da Kurfi. Shi ya sa mu ma muke da bakin yi wa Rundunar Sojojin Ruwan Najeriya jinjina. A 2020, cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka kwashe su. Zuwa watan Maris na 2022 an cire sunan Najeriya daga jerin ƙasashen da 'yan fashin teku suka addaba. Sannunku da ƙoƙari!

Sai dai ɗan fashi ana hango kwalekwalensa, nakiya kuwa ba a ganinta. Tun 1957 Tarayyar Sobiyet ta fito da KRM, nakiya mai roka. Ana ajiye ta can ƙasa cikin ruwa, ta yi kwanton ɓauna tana sauraren ƙugin jirgi. Da ta ji abin da take jira, sai ta saki abin da ke riƙe da ita, rokar ta cillo ta sama cikin 'yan daƙiƙoƙi, kafin matuƙi ya juya akala ta riga ta iso. Zurfin da a da ake ɗauka a matsayin mafaka ya daina zama mafaka. Daga baya China ma ta ƙera tata, EM-52. To ko tsohuwar nakiya mai jiran a taɓa ta ba abin wasa ba ce, don ita ta kusa raba jirgin yaƙin Amurka, Samuel B. Roberts, gida biyu a Tekun Fasha a watan Afrilun 1988.

Mu fa? Jiragenmu biyu na farautar nakiya, Ohue da Barama, daga Italiya aka kawo su tun ƙarshen shekarun 1980. Sun ga jiya, sun ga yau.

Shugabannin rundunar su fito fili su nemi sababbin jirage da na'urorin lalube ƙarƙashin ruwa, su horar da matasa a wannan fanni. Ku kuma wakilanmu na Katsina a Majalisar Tarayya, idan kasafin rundunar ya zo gabanku, ku tambayi nawa aka ware wa wannan aiki.