Idan Ka Yi Baƙo, Ka Kai Shi Ya Ga Ƙasa

Kowa ya san Bahaushe da son baƙo. Da zarar an yi sallama za a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa da fura, in da hali ma har a yanka kaza. Wannan hali ne mai kyau, Allah ya bar mu da shi. Amma ni a ganina akwai wani abu guda da muka bari a baya. Sau da yawa baƙo yakan yi mako guda a gidanmu, daga ɗaki sai zaure, daga zaure sai masallaci, sa'an nan ya koma garinsu bai san kome game da garinmu ba sai daɗin tuwon gidan da ya sauka. Alhali kuwa masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne. To, wane ne zai yi masa jagora in ba mai masaukinsa ba?

Wannan magana ta fi shafarmu mu 'yan makarantar kwana. A nan ɗaki ɗaya muke kwana da yara daga jihohi dabam dabam, kuma in hutu ya zo wani yakan bi wani gida. Ra'ayina shi ne, duk wanda abokinsa ya biyo shi hutu, ya ware yini ɗaya tak, ya nemi izinin iyaye, a shiga mota a kai shi ya ga abubuwan tarihin da ke kusa. Ba sai an yi doguwar tafiya ba.

Bari in ba da misali da abin da na gani da idona. A hutun da ya wuce wani abokina ɗan ajinmu, mutumin Jihar Filato, ya zo mini Katsina. Kafin ya taso sai da mahaifiyarsa ta yi ta fargaba, domin ba ta jin sunan jiharmu a rediyo sai in ana labarin 'yan bindiga. Ran da ya kwana uku, yayana ya ɗauke mu a motarsa tun da sassafe.

Mun fara da Hasumiyar Gobarau, wadda ke tsakiyar birni. Da ƙasa aka gina ta, tsawonta wajen ƙafa 50, kuma masana tarihi suna danganta ta da masallacin da aka yi tun zamanin Sarki Muhammadu Korau, shekaru fiye da 500 da suka wuce. Da muka hau sama, abokina ya dubi rufin gidajen birni, ya ce shi bai taɓa zaton ginin ƙasa yana daɗewa haka ba. Daga nan muka bi ta Ƙofar 'Yanɗaka, inda Lugga ya shigo Katsina da sojojinsa a 1903. Sa'an nan muka tsaya a tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, yanzu kuwa ta zama gidan ajiye kayan tarihi. A cikin waɗannan ɗakuna na ƙasa ne Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. An mai da kwalejin Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Abokina ya sha karanta sunayen mutanen nan domin jarrabawa, amma sai ran nan ya gane cewa su ma 'yan makarantar kwana ne kamarmu, waɗanda suka bar iyayensu suka zo neman ilmi.

Da hantsi muka kama hanyar Daura, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. A hanya yayana ya ba mu labarin Durɓi ta Kusheyi, can ƙasar Mani, inda kaburburan sarakunan dā suke. An tona wasu a 1907, aka sake tona wasu a 1992, aka sami kayan ado na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da tasoshin ƙarfe. Ba mu ratsa ba saboda lokaci. A Daura muka wuce kai tsaye Rijiyar Kusugu. Kowane ɗan firamare ya san labarin Bayajida, baƙon da ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Sarauniya Daurama, daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai. Masana suna gardama a kan wane ɓangare na labarin ne tarihi, wane ne almara. Amma rijiyar tana nan, an kewaye ta da gini, kuma har yau ana jan ruwa a cikinta. Abokina ya ja guga da hannunsa ya sha. Kafin magariba mun dawo gida.

Yanzu mene ne amfanin wannan? Na farko, gani ya kori ji. Abin da malami zai yi mako yana rubutawa a allo, ido yakan kama shi cikin sa'a ɗaya, kuma ba a mantawa. Na biyu, baƙo jakada ne. Abin da ya gani shi zai kai gida. In muka bar shi a ɗaki, to, labarin rediyo kaɗai danginsa za su ci gaba da riƙewa game da mu. In kuwa ya ga Gobarau da Kusugu, ya ga kasuwa tana ci, manoma suna aiki, zai gaya musu cewa ban da wahalar da ake ciki, akwai mutane masu asali a nan. Na uku, abin da ba a ziyarta lalacewa yake yi. Dubi ganuwar biranenmu yadda ruwan sama da masu ɗiban ƙasa da masu gine-gine suke cinye ta. Wurin da jama'a suke kai baƙinsu, hukuma ma takan ji kunyar barinsa ya rushe.

Na san wani zai ce mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, kuma hanyoyi ba su da tabbas. Gaskiya ne, ban kuwa ce a yi ganganci ba. A tambayi manya wace hanya ce lafiyayya, a tafi da babba, a fita da safe, a dawo da rana tsaye. Hanyar da aka ce a bari, a bar ta. Game da kuɗi kuwa, wanda ba shi da mota a gida ya shiga ta haya, ko ya tsaya cikin gari. Bakano yana da Dala da Gidan Makama, Bazazzagi yana da Kufena, Basakkwace yana da Hubbaren Shehu. Wani kuma zai ce ai duk hotunan wuraren nan suna cikin waya. To, a ce wa mai jin ƙishirwa ya sha hoton rijiya mana!

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kafin hutu mai zuwa kowa ya zauna da kakansa ko malamin tarihi, ya san wurare uku na garinsu da labarinsu, domin jagora ba ya jagora sai ya san hanya. Ina kuma roƙon hukumar makaranta ta riƙa shirya mana irin wannan fita ko da sau ɗaya a shekara. Tuwo dai in an ci ya wuce, amma abin da ido ya gani yana nan har tsufa. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, amin.