Horon Kare: Bulala Ko Lada?

Da yawa cikinmu, da mun kama aikin gwamnati an ba mu gida, sai tsoron ɓarayi ya sa mu nemi karen gadi da mai hora shi. To, wane za mu ɗauka?

Masu horo iri biyu ne. Akwai 'yan bulala, masu cewa sai kare ya ji jiki zai san ubangidansa. Wannan ra'ayi ya taso daga nazarin kyarketan da aka killace. David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa shi, ya warware shi da kansa a 1999, da ya ga garken kyarketai a daji iyali ne kawai: uwa, uba da 'ya'ya.

Akwai kuma masu lada: kare ya bi umarni, a miƙa masa tsoka nan take.

Mu dai muna bayan waɗannan. Karen da aka doka saboda gurnani zai bar gurnani, amma tsoronsa na nan. Ran da zai ciji ɗan maƙwabta, babu gargaɗi.

Saboda haka, kafin mu biya ko kwabo, mu tambayi mai horo: in kare ya kuskure, me za ka yi masa? In ya ɗauko dorina, mu sallame shi.