Lanƙwasar da Ke Ɓacewa a Maɗaba'a

Wani abokina mai tsara shafukan littattafai a Maraɗi ba ya iya wuce allon shago sai ya faɗi sunan zubin harafin da aka rubuta shi da shi. Na daɗe ina masa dariya, har ranar da ya ajiye mini kalma ɗaya cikin zubi biyu, ya ce in bambanta su. Na kasa. Sai ya nuna mini babban R: a Helvetica, wanda Max Miedinger ya zana a Suwizalan a 1957, ƙafarsa na sauka kusan a miƙe, a Arial na 1982 kuwa tana karkacewa waje. Ya nuna kan t, a ɗaya an yanke shi a daidaice, a ɗayan a gicciye. Tun daga ranar idona ya ƙi komawa yadda yake.

Ra'ayina shi ne mu ɗaliban kimiyyar harshe mun fi shi bukatar wannan ido. Muna shafe watanni muna bambance sautin ɓ da b, amma da zarar sautin ya zama tawada sai mu bar shi a hannun duk wanda ke zaune gaban kwamfuta. Ga abin da ke faruwa. Idan zubin da aka zaɓa ba shi da ƙ ko ɗ, kwamfuta ba ta yin gargaɗi. Aro take yi daga wani zubin dabam. Sai ka ga harafi ɗaya ya fi maƙwabtansa kauri ko tsawo, kamar baƙo a tsakiyar sahu. Wani lokacin ɗan akwati ne ke fitowa a gurbinsa. Mafi muni shi ne mai bugu ya gaji ya share lanƙwasar gaba ɗaya, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki, ɗa ya koma da. Na ga haka a bangon kundin wani abokin karatu, kundin da ke magana a kan tsarin sauti.

Mu a Nijar nauyin ya ɗan fi yawa, domin ƙa'idar rubutu ta 1999 ta ba mu ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma zubi da dama na ado da masu talla ke so ba su san da shi ba.

Za a ce wannan aikin masu zane ne, ba na masana harshe ba. Ban yarda ba. Malamin allo na gane hannun marubucin Alƙur'ani daga yadda ya ja wutsiyar harafi, ba wanda ya taɓa cewa ya fita daga fagensa. Kuma maganin ba ya cin ko dala: Charis SIL, Doulos SIL, Gentium da Noto duk kyauta ne, duk suna ɗauke da haruffanmu huɗu, manya da ƙanana. Andika ma don sababbin masu karatu aka yi shi, shi ya sa a ɗinsa ke kama da na rubutun hannu, abin da ya dace da littattafan yaƙi da jahilci.

Abin da nake roƙo a wajen malamanmu kaɗan ne: awa biyu a shekarar farko ta mastar, a zaunar da mu gaban shafuka da aka buga, a ce mu nuno harafin aro. Sannan a rubuta cikin ƙa'idar kundi sunayen zubin da sashe ya amince da su, a kuma ce kowa ya kai wa maɗaba'a PDF, kada ya kai fayil ɗin Word.